Mariam Bolaji, Ƴar Ilori Mai Ƙwallon Gashin Tsuntsu

A Yelu, kamar sauran garuruwan Dandi, in an ce wasa to kokowa ake nufi, sai kuwa ƙwallon ƙafa. Ƙaramin yaro ma ya san Issaka Issaka, ya san sau da yawa ya kawo takobi jahar Dosso. Amma a tambayi ɗan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin Gaya da Kamba, ko ma'aikacin da ba ya rabuwa da rediyo, wace ce Mariam Eniola Bolaji, da wuya a samu mai amsawa. Alhali kuwa ran 2 ga Satumba 2024, a birnin Paris, yarinyar nan ta yi abin da babu ɗan Afirka ko ɗaya, mace ko namiji, da ya taɓa yi: ta ci lamba a wasan badminton a dandalin Olamfik, na masu lafiya ne ko na naƙasassu. Shekarunta 18 a lokacin.

Mai karatu na iya cewa, shi kuma badminton ɗin wane irin wasa ne? Hafsoshin Ingila ne suka raya shi a Indiya a ƙarni na 19, ya kuma ɗauki sunan wani babban gida na ƙasarsu. Raga ake ɗaurawa a tsakiyar fili, tsayinta mita 1,55, kowa ya tsaya gefensa riƙe da raket marar nauyi. Ƙwallon kuwa ba ƙwallo ba ne kamar yadda aka sani: ɗan toshi ne da aka soka wa gashin dinya ko na agwagwa guda 16, nauyinsa duka wajen giram 5. Wanda ya gani daga nesa sai ya ce wasan ƴan gata ne. Bai sani ba, bugun gwani kan sa ɗan gashin nan ya wuce gudun kilomita 400 a awa. Sai a 1992, a Barselona, wasan ya shiga Olamfik, na naƙasassu kuma sai a Tokyo a 2021.

Mariam daga Ilori ta fito, a jahar Kwara ta Nijeriya. Garin ba baƙo ba ne ga mutanen wannan yanki, don a zamanin daular Usmaniyya Ilori tana ƙarƙashin Gwandu ne, ga ta nan cikin Kabi, maƙwabciyar Yelu. Da ɗingishi yarinyar take tafiya. Saboda haka rukuninta shi ne wanda ake kira SL3, na masu buga wasa a tsaye amma da raunin ƙafa. A wannan rukuni rabin faɗin fili ake bugawa. Kada a ɗauka sauƙi aka yi musu. In fili ya ƙuntata, babu lungun da za a jefa ƙwallo a kuɓuta, sai a yi ta musaya, gaba da baya, gaba da baya, har ƙafar wata ta gaza. Wato daidai wurin da ciwon yake, nan wasan ke matsawa.

Kowane gwani da wanda ya gano shi. Nata shi ne mai horar da ita, Bello Rafiu Oyebanji, wanda ya sa ta a hanya tun ba a san sunanta ba. A 2021 Allah ya yi masa rasuwa cikin hatsarin mota, ita kuwa ba ta wuce shekara 16 ba. Wanda ya san yadda irin waɗannan wasanni ke tafiya a ƙasashenmu ya san girman wannan rashi. Mai horarwa a nan ba malami kaɗai ba ne. Shi ke lallashin iyaye, shi ke bin ofis-ofis neman kuɗin mota, sau da yawa daga aljihunsa ake sayen ƙwallon, ga shi kuwa gashi ne, bugu kaɗan ya kakkarye. Ƴan wasa da dama daga ranar da suka rasa irin wannan mutum ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mariam ba ta ajiye raket ba. Ta ci gaba da fita gasa a ƙasashen waje har ta samu gurbin zuwa Paris.

A can ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta faɗi. Zinariya ta tafi hannun Xiao Zuxian ta ƙasar Sin, azurfa kuma Indonesiya. Saura tagulla, wadda sai an sake karawa. Abokiyar karawar ba kanwar lasa ba ce: Oksana Kozyna ta Yukren, wadda ta zama zakarar duniya a 2022. Mariam ta gama da ita 21 da 9, ta sake maimaita mata 21 da 9. Ita ce lambar farko da Nijeriya ta samu a wasannin naƙasassu na waccan shekara, ta kuma sadaukar da ita ga marigayi malaminta.

Ba ita ce macen farko da ta ɗaga Nijeriya a wannan wasa ba. Grace Gabriel ta zama zakarar Afirka a 2012 da 2013, Dorcas Adesokan a 2019 a Fatakwal. Sai dai masu ƙafa biyu lafiyayyu sun tsaya a iyakar nahiya, mai ɗingishi ce ta ƙetare.

To, ina Nijar a nan? Lambobinta na Olamfik biyu ne: tagullar Issaka Dabore a dambe, a Munik 1972, da azurfar Abdul Razak Issufu Alfaga a tekwando, a Riyo 2016. Duka maza. A wasannin naƙasassu ba ta taɓa cin ko ɗaya ba. Ba ƴaƴa aka rasa ba. A je tasha ko bakin kasuwa ran da take ci, za a ga tsarar Mariam, waɗanda shan-inna ko karaya ta taɓa wa ƙafa, da ƙoƙo a hannu. Wasu ma ba a ganinsu, suna cikin gida, an cire su daga lakwal don wai hanya ta yi musu nisa. Mai hali ya miƙa dala biyar ya wuce, yana ganin ya sauke nauyi.

Gaskiya ne wasan yana da tasa matsala a ƙasa irin tamu. Ƙwallon giram 5 ba ya jure iskar hunturu, dole sai ɗaki mai dogon rufi, irinsa kuwa ba a kowace gunduma ake samu ba. Amma tun 2019 hukumar badminton ta duniya ta fito da wani ƙwallo na roba da aka yi musamman don bugawa a waje, bisa rairayi ko tsakar makaranta. Raga ɗaya, sanda biyu da raket huɗu ba su fi ƙarfin babban ɗan kasuwa guda na Gaya ba, balle ƙungiyarsu. Abin da ya fi wuyar samu shi ne irin Bello Oyebanji: malamin da zai je har zaure ya zauna da uban yarinya, a hana shi, gobe ya sake komawa.

Wasannin naƙasassu na gaba a Los Anjeles ta Amurka za a yi su, cikin Agustan 2028. A lokacin Mariam ba za ta wuce shekara 22 ba.