Mota ba ta tafasa banza

Jama'a, zafi ya kankama, kuma duk mai bin titi da rana tsaka ya san abin da ake gani a wannan lokaci: mota a gefen hanya, an ɗage bonet, tururi na tashi, direba na cigiyar fiya wata. In ka lura, kusan duka tsofaffin motoci ne. Golf, Sharon, 406, Camry fensir, irin waɗanda suka yi shekara ashirin ko fiye suna aiki.

A da, in mota ta fara irin wannan hali, mai ita yakan ce bari ya lallaɓa ta zuwa bayan salla ya sayar ya ɗauko 'yar Kwatano. Wannan zance ya mutu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye 1,000 a wurare da dama. Dala da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a 2024. Kuɗin da a da zai saya maka mota, yau inji da giya kawai zai kawo. Ga yawancinmu, motar da ke ƙofar gida ita ce ta ƙarshe sai abin da Allah Ya yi. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, wani kuma da ita yake samo na cefane.

Shi ya sa nake ganin akwai wata al'ada da ba za mu iya ci gaba da ɗaukar nauyinta ba, wato gyaran "bari mu gwada". Ka kai mota tana zafi tana misin, kafin ka gama bayani an ce a canza filogi. Bai yi ba, a canza koyil. Bai yi ba, a wanke nozul. A cire tamosta, a haɗa fanka kai tsaye, a sa radiyeta mai layi biyu. Kowane zagaye aljihunka ne ke amsawa. A ƙarshe a dube ka a ce, "Oga, sai fa an sauke inji."

Tawa Camry ce fensir, ƙirar 2000, mai silinda huɗu. Bara ta fito da halaye guda uku. Da safe in na tayar, sai ta yi ta kakkarwa kamar mai jin sanyi na kusan rabin minti, sannan ta daidaita. Ruwan radiyeta yana raguwa duk bayan 'yan kwanaki, amma ko ɗigo ban taɓa gani a ƙasa ba. In kuma na hau babban titi na ba ta wuta, allurar zafi sai ta fara hawa. Garejin farko da na shiga, lissafin da aka yi min shi ne wancan na sama, daga filogi har radiyeta. Na tambayi yaron, "Wanne ne a ciki ya lalace?" Ya ce, "Ai in muka canza za mu gani." Na yi godiya na ja motata.

Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin 504. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sifana ba sai da ya yi min tambayoyi kamar likita. Yaushe take zafi, a cunkoso ko a gudu? Misin ɗin da sanyin safiya ne ko bayan ta ɗau zafi? Ruwa yana raguwa? Me ake zuba mata? Ya ce in bar ta ta kwana, don cutar da ke zuwa da safe, da safe ake kama ta.

Washegari, inji na sanyi, ya buɗe murfin radiyeta ya cika ta, ya ce in tayar. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga kumfa tana ɓulɓulowa ba tsayawa. Ya kashe, ya kwance filogi huɗun ya jera su bi da bi a kan tsumma. Uku launinsu ruwan ƙasa-ƙasa, yadda ya kamata. Na silinda ta uku kuwa fes, kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Na ce, "Baba, ai wannan ya fi sauran kyau." Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan shi ne marar lafiyar. Tururi ne ya wanke shi." Ya sa ma'aunin matsi a kowace silinda, ta ukun ta gaza 'yan'uwanta.

Tof gasket ne ya ɗan ƙone tsakanin hanyar ruwa da silinda ta uku. In mota ta kwana, ruwa ya tsiyaya cikin silindar. Da safe filogi ya jiƙe, ga misin, har sai ruwan ya ƙone. Can ne ruwan ke tafiya, ta salansa, shi ya sa ba a gani a ƙasa. In ana gudu kuma, iskar wuta daga silinda ta kutsa cikin hanyar ruwa ta kore shi, ga zafi. Alamu uku, cuta ɗaya.

Amma Baba bai tsaya nan ba. Ya ce gasket ba ya ƙonewa haka kawai, sai an nemo abin da ya ƙona shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sawu. Aka duba, robar murfin radiyeta ta tsattsage. Radiyetar kanta ta toshe da tsatsa da farin dattin ruwan rijiya, bayan inji ya yi zafi an kashe, in ka shafa jikinta sai ka ji wani wuri zafi wani wuri sanyi. Da aka buɗe gidan tamosta kuwa, wayam. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya riga ya cire, kuma cirewar ba ta hana komai ba.

Ga abin da na tsinta a wajensa da kuma abin da na bincika daga baya, ko zai yi wa wani amfani.

Zafi yana faɗin inda ya fito in ka lura da lokacinsa. In a cunkoso take zafi amma da ka samu hanya allura ta sauka, fara da fanka: fiyus, rile, na'urar da ke tayar da ita, ko motar fankar kanta. A gudu iska na shiga da kanta, a tsaye ne ake buƙatar fanka. In kuma a tsaye lafiya lau, sai a gudu ko hawan tudu ko da kaya take zafi, to ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: radiyeta ta toshe, famfon ruwa ya cinye, ko gasket. In allura ta kai sama, tiyon sama kamar wuta, na ƙasa kuwa da sanyinsa, tamosta ya maƙale a rufe. In sai an kunna AC take zafi, duba fanka ta biyu da ƙurar da ta toshe gaban radiyeta, musamman bayan hunturu.

Murfin radiyeta kuwa, kada ka raina shi don ƙarami ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Murfin yana riƙe matsi na kusan ba 1, wanda ke ɗaga wannan zuwa wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri ko da komai na injin lafiyarsa ƙalau. Abu mafi araha a duk tsarin, amma shi ake tunawa a ƙarshe.

Maganar tamosta ita ce za ta jawo min faɗa, na sani. Ana cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. To motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamosta suke zuwa, kuma ba mu fi su zafi ba. A irin motata yana buɗewa ne a digiri 82. Aikinsa ya kai inji zafin da ya dace da sauri, ya riƙe shi a nan. In aka cire, inji kan daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara fetur. A wannan farashi! A injuna da yawa ma, tamosta ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa radiyeta ba. Ka cire shi, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai huce ba. In ya lalace a sa sabo. Cire shi kamar cire batirin agogo ne don kada a makara.

Haka ruwan rijiya da na famfo. Kulan, wato ruwan nan kore ko ja, ba ado ba ne. Yana ɗaga ma'aunin tafasa kaɗan, amma babban aikinsa hana tsatsa da cinyewar ƙarfe da alminiyam. Ruwan rijiya yana barin irin farin dattin da kake gani a gindin butar shayi. Ka ɗauka wannan dattin ne a cikin siraran bututun radiyeta, shekara da shekaru.

Misin kuma, silinda abu uku take buƙata: wuta, mai, da matsi. Ɗaya ya ɓace, ta daina aiki. Tambayar farko ita ce wace silinda ce. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da wurin da ake jona na'ura ta karanto laifin. P0301 silinda ta ɗaya ce, P0303 ta uku, P0300 kuwa misin ne da ke yawo ba wuri ɗaya ba. Amma na'urar wurin ciwo take nunawa, ba ta faɗin dalili. Daga nan sai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a ɗauki filogi ko koyil na silindar da ake zargi a musanya da na maƙwabciyarta. In misin ya bi shi, an kama ɓarawo. In ya tsaya inda yake, ba shi ba ne, kada ka saya. A irin Camry tawa koyil biyu ne, ɗaya na silinda ta 1 da ta 4, ɗaya na ta 2 da ta 3. Don haka in koyil ya mutu gaba ɗaya, silinda biyu ne za su tafi tare. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar zancen koyil tun a garejin farko.

Filogi ma yana magana. Baƙin hayaƙi busasshe, mai ya yi yawa. Jiƙe da baƙin mai, inji na shan mai ko robar murfin sama na yoyo. Fari ƙal kamar alli, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Wankakke tas shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa, ruwa.

Kuma zafi da misin suna haifar da juna. Zafi ya lanƙwasa kan silinda na alminiyam ya ƙona gasket, ga misin. Misin ya tura ɗanyen fetur cikin salansa ya narkar da tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ta toshe, mota ta rasa ƙarfi ta riƙa ɗaukar zafi. Shi ya sa in fitilar cek inji tana ƙyaftawa, ba a kunne kawai take ba, ma'anarta ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa.

In allura ta hau a kan hanya, kashe AC, kunna hita zuwa ƙarshe in tana aiki, ka sauka gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin radiyeta da zafi, don Allah. Mutane nawa ne ke yawo da tabon ƙuna a fuska da hannu saboda wannan? Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji ko cikinsa yana wuta, kan silinda na iya tsagewa. Ka ba shi aƙalla rabin awa. "Saura kaɗan in ƙarasa gida" ya kashe injuna fiye da tsufa. Ka kuma zaro sandar auna baƙin mai ka duba: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a sake tayar da ita, a jawo ta.

Tawa, an kai kan silinda aka goge shi ya daidaita, aka sa sabon gasket, radiyeta, murfi da tamosta, aka zuba kulan. Kuɗi ya fita, ba zan ce bai yi ciwo ba. Amma koyil ɗina da nozul ɗina na asali suna nan suna aiki, ba a jefar da su an sa min jabu ba, kuma ba a sauke inji ba.

Ba bakanikai nake zagi ba. Da yawansu tun suna yara aka kai su gareji, abin da suka ga oga yana yi shi suke yi, ba ma'aunin matsi, ba na'ura. Mu masu motoci ma da namu. Bakanike ya ɓata awa biyu yana bincike ya gano murfi ne kawai, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu miƙa masa na ruwa. Wanda ya kwance rabin mota ya tura mu Ƙofar Ruwa ko Panteka da doguwar takarda, shi ne ya yi aiki a idonmu. To wa zai koyi bincike in ba a biyan kuɗinsa? Ni dai yanzu na fi son in biya kuɗin ganowa da daɗin rai, kafin a kwance ƙusa ɗaya. Kuma duk abin da aka ce in saya, tambayata ɗaya ce: nuna min yadda ka gane shi ne.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, Ya kai matafiya gida lafiya.