Kaset Ɗin Yaya

Mu huɗu ne a ɗakin samari na gidanmu a Achilafiya, rediyonmu kuwa ɗaya tak, mai cin batir shida. Da kakar 1994 Yaya ya dawo daga Kano da wani kaset da ya saya a kasuwar Sabon Gari. A bangonsa akwai zanen wani mai gemu yana shan shayi, ga yara biyu suna wasa a bishiya. Sunan faifan Tea for the Tillerman, mawaƙin kuma Cat Stevens.

Baba ba ya son waƙar Turawa a gidansa, don haka Yaya ya riga shi magana. "Baba, ai Yusuf Islam ne, Baturen Ingilan nan da ya musulunta." Bai yi ƙarya ba, sai dai ya rage zance: faifan ya fito a Nuwamban 1970, shi kuwa mawaƙin bai karɓi Musulunci ba sai a Disamban 1977. Baba ya ce, "To, a rage murya."

Turancinmu na firamare ne, kalma ɗaya muke tsinta cikin goma. Abin da ya kama mu shi ne jita da muryar. Waƙoƙi goma sha ɗaya ne, ya tsara su bayan tarin fuka ya kwantar da shi watanni a asibiti. Sai daga baya muka ji cewa masana waƙa suna girmama faifan, har mujallar Rolling Stone ta sa shi cikin faya-fayai 500 mafiya daraja a 2003. A lokacin dai da biro muke mayar da zaren baya don kada batir ya ƙare, kuma kullum waƙa ɗaya muke nema, ta kusa da ƙarshe, Father and Son.

Wani dare Baba yana kishingiɗe a tabarma ya ce, "Wai su nawa ne ke waƙar nan?"

"Mutum ɗaya ne, Baba," in ji Yaya. "In ya yi ƙasa da murya uba ne, yana lallashin ɗansa ya zauna. In ya ɗaga ta ɗan ne, yana cewa tafiya ta kama shi."

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Uban manomi ne, ko?"

Babu wanda ya iya ba shi amsa. Bayan shekaru muka karanta cewa asali an rubuta waƙar ne don wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha, inda ɗa ke son bin 'yan juyi, uban kuma yana son ya zauna a gona. Baba ya canka ba tare da ya ji Turanci ba, domin a gidansa rigimar take. Yaya yana son tafiya Legas, Baba kuwa yana kallon gonar gero da gyaɗa, yana ƙirga hannayen da za su riƙe fartanya.

Ana gama sussuka Yaya ya bi motar shanu ya tafi, bai tsaya neman albarka ba. Kaset ɗin ya bar mana. Mu ukun duk muna bayansa. In muna noma, ɓangaren ɗan muke rerawa da Turancinmu na karambani, na uban kuwa jira kawai muke ya wuce. Shekara tara Yaya ya yi kafin ya dawo. Ya iske Baba da rai, sun gaisa, sun ci tuwo a kwano ɗaya, amma har Baba ya rasu ba su taɓa tayar da maganar ba.

A 2020 Yusuf ya fitar da faifan da ya sake naɗa gaba ɗaya, yana da shekara 72. A waƙar nan ya rera ɓangaren uban da muryarsa ta tsufa, aka ɗauko muryarsa ta 1970 ta zama ɗan. Bara muka ci karo da ita a waya, daidai lokacin da babban ɗan Yaya ya gama karatu a Kazaure, ya rasa aiki, ya fara zancen bin hanyar Agadas. Yaya ya hana, kuma da kalmomin Baba ya hana, har da yadda yake buga tafin hannu a gwiwa. Yaron ya daina cin abinci a gida.

Muka kunna masa ita a zaure bayan isha'i. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. A karo na biyu ya ce, "Ashe ban taɓa jin abin da uban ke cewa ba." Mu ma haka. Shekara talatin muna ɗauka waƙar ta ɗan ce, alhali mawaƙin bai ba kowa gaskiya ba. Kowa na faɗin tasa, har muryoyin su hau juna, babu mai sauraren wani.

Yaya bai ce ya amince da tafiyar sahara ba, mu ma ba za mu so ya amince ba. Ya dai aika a kira yaron. Da ya shigo ya durƙusa, Yaya ya matsa masa gefen tabarma ya ce, "Zauna, ɗana. Faɗa mini abin da kake nema a can, ba zan katse ka ba."

Muka ɗauki wayarmu muka ba su wuri.