Na'ura ta ci Kasparov, to sai me?

Jama'a, yau raina ya ɓaci. Wani matashi ne ya tsaya a kan dattawa suna dara a gindin bishiya kusa da kasuwar Mai'adua, yana kaɗa waya, wai nan da shekara biyu kwamfuta za ta gama da su, su tashi su nemi abin yi. Kun san ni da dara, na sha rubutu a kanta, sai ku yi haƙuri da tsawon wannan.

Ɗan samari, ba kai ka fara sa wa na'ura rana ba. A 1957 Herbert Simon, babban masani a Amurka, ya ce cikin shekara 10 kwamfuta za ta zama zakaran duniya a ces, darar Turawa. Sai da aka shekara 40. A 1996 zakaran duniya Garry Kasparov ya doke kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM 4 da 2. A Mayun 1997 ta rama a New York, 3½ da 2½, tana auna yanayin wasa kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda.

To an daina ces? Ko kusa. A Afrilun 2024 Tunde Onakoya, ɗan Najeriya, ya yi awa 60 yana buga ta a Times Square don tara kuɗin karatun yara. Ba wanda ya ce ya tashi tunda na'ura ta fi shi.

Gurbi 30 na dara da 'ya'ya 12 kowane ɓangare ba za su gagari kwamfuta ba, na sani. Amma dattijo ba takara da inji ta zaunar da shi a gindin bishiya ba. A nan ake koyon cewa uku ake jerawa a ci, mai haɗama ya jera huɗu ya tashi a banza. A nan ake jin kuɗin shanu da lafiyar 'yan'uwa na tsallaken iyakar Kwangwalam.

Za ku ce ina kare shagala. Ban taɓa goyon bayan caca ba, kuma in an kira sallah a tashi. Amma mai kwana yana latsa waya ne zai yi wa dattijo wa'azin ɓata lokaci? Ku ji tsoron Allah. In kana da ilimin kwamfuta, zauna gaban su Baba da ladabi, ka koyi dokokin dara, ka rubuta mana manhajarta. Raina na gaba ba wayewa ba ne. Allah Ya shirya mu.