Daga Gwaram Zuwa Bakin Tiga

A ranin 2017 Kawu ya ƙudura niyyar sayen injin casar shinkafa. Manomin fadama ne a ƙasar Gwaram, ya kuma gaji da sayar da shanshera a araha ga 'yan sari, su kai ta Kano a cashe, ta dawo mana a buhu da tsada. Ya ce ba zai zuba kuɗinsa ba sai ya ga yadda mutanen Kura suke yi da idonsa. Ni ne mai mota a gidan, don haka ni aka ɗora wa tuƙi.

Bayan sallar asuba muka bar Gwaram. Rana na fitowa muna Birnin Kudu, duwatsun nan nata masu zanen mutanen dā suna tsaye cikin hazo, muka wuce Kwalejin Gwamnati, muka miƙi hanyar Kano. Tsakanin Kwanar Huguma da Wudil aikin tagwayen hanya ya sa ƙura ta yi mana lulluɓi. A gadar Wudil Kawu ya sa na rage gudu, ya leƙa ya daɗe yana kallon ƙasa. Tsakiyar rani ce, amma ga ruwa yana tafiya, ga masu ɗiban yashi da kwalekwale. Namu kogin, wanda ke gangarowa daga duwatsun Jos ya zama Kogin Jama'are, a irin wannan lokaci yashi ya fi ruwa yawa a cikinsa.

"Ɗan nan, wannan ruwan daga ina?"

Na ce, "Kawu, daga inda za mu ne. Sakinsa ake yi daga madatsun Tiga da Challawa."

Ba mu shiga cikin birni ba. Na bi da shi ta rukunin masana'antu na Challawa, wajen Panshekara, domin ina son ya ga wurin. Tun kafin ka ga gini hanci yake gaya maka ka iso unguwar jima. Kano ta shahara da fata tun zamanin ayarin raƙuma, kuma har yau manyan motoci suna shigo da fatun awaki da tumaki, a jeme su da sinadarai irin su kuromiyam, a fitar da su Turai. Abin da ba a fitarwa shi ne ruwan wankin. Mun tsaya a bakin wata magudana, ruwanta baƙi-ƙirin da kumfa a sama, yana gangarawa Kogin Challawa. Ba nisa da nan wani mutum ya kafa injin ban ruwa yana shayar da latas da alayyahu. Tsakanin masana'antun da ke aiki kuwa akwai waɗanda suka mutu, musamman masaƙu: ƙofofi a garƙame, ciyawa ta fasa siminti, mai gadi shi kaɗai a kan benci da rediyonsa. Rashin wuta da tsadar man dizal da atamfar Sin mai araha da ta cika Kantin Kwari su suka haɗu suka kashe su. Kawu bai ce komai ba sai da muka hau titin Zariya muka ƙetare gadar Tamburawa, inda ake tace ruwan da Kano ke sha. Nan ya tambaye ni ko wancan baƙin ruwan ma ta Wudil yake bi. Na ce ta nan yake bi, ya wuce Ringim, ya kai Haɗejiya. Ya yi salati.

Da muka shiga ƙasar Kura sai duniya ta sauya launi. Hagu da dama kore ne shar, alkama da albasa da tumatir da masara, magudanan siminti suna ratsa gonaki, yara suna wanka a ciki. Wannan shi ne Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, yana hannun Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ba a ja da inji. Ruwan da kansa yake gangarowa daga Tiga ta babbar magudana, ya biyo ta Ruwan Kanya, a raba shi ƙofa-ƙofa. Manomin da ya saba sayen fetur kullum don ya tsotso ruwa daga rijiyar burtsatse shi ya san darajar wannan. Kawu ya sauka, ya tsuguna, ya sa hannu a cikin magudana, ya ɗebi ƙasar gona ya murza.

A cikin garin Kura muka fi daɗewa, kuma a ganina nan ce masana'antar gaske ta tafkin Tiga, ko da yake ba ta da allo ko doguwar katanga. Rumfunan kwano ne jere, kowace da injinta yana ruri. Mata suna turara shanshera a manyan tukwane da rabin ganga, a shanya a kan tamfol, samari su kwashe su kai inji, wasu su fece, wasu su ɗinke buhu, 'yan dako su loda. Ɓuntun ma ba a zubarwa, akwai masu sayensa. Wani mai inji, dattijo mai fara'a, ya zaunar da Kawu a kan buhu ya yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye: injin da ke cire tsakuwa shi ke sa shinkafa ta yi kuɗi, kuma wanda ya sayi inji bai tanadi makaniki da kayan gyara ba ya sayi baƙin ciki.

"Alhaji, in shanyarku ba ta bushe daidai ba, injin karya ta zai yi. Ku fara gyara turara kafin ku zo kan ƙarfe."

Gaba kaɗan, a Kadawa, ga katafaren kamfanin tumatir na Ɗangote, wanda aka buɗe a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana. A rufe muka same shi. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a shekarar da aka buɗe shi, abin markaɗawa ya yi ƙaranci. Amma a Kwanar Gafan kwanduna ne jibge, ana loda motocin Legas, abin da ya rasa mai saye kuma ana yankawa ana shanyawa a ƙasa. Raina ya sosu da ganin haka, domin mai kamfanin a Birnin Kudu ya yi sakandare, kuma na so ƙwarai abin ya tsaya da ƙafarsa. Bagauda kuwa wucewa kawai muka yi. Otal ɗin bakin tafkin Bagauda ya daɗe da zama makarantar horar da lauyoyi.

Da la'asar muka isa Tiga. Wanda ya girma a inda ake haƙa yashi a nemi ruwa ba ya shirya wa ganin wannan. Ruwa ne iyakar gani, kusan murabba'in kilomita 178, duwatsu sun leƙo daga cikinsa, masunta suna dawowa da karfasa da tarwaɗa. Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, a daidai shekarun da fari ya gasa Arewa, lokacin kuma mu ma 'yan Jihar Kano ne, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa. Wani tsoho mai gyaran koma ya nuna mana tsakiyar tafkin da haɓa, ya ce gonar mahaifinsa da maƙabartar garinsu suna ƙarƙashin can. An tashe su, an ba su wani wuri a kan tudu inda magudana ba ta kai ba, shi ya sa ya koma sana'ar su.

A kan bangon madatsar Kawu ya tayar da maganar Kafin Zaki, madatsar da aka yi niyyar ginawa a kan kogin namu a ƙasar Bauchi tun zamanin Shagari, aka fara aka watsar. Ya ce da an gama ta, da Gwaram ma ta zama Kura. Na fahimce shi, ni ma abin da na gani ya shiga raina. Sai dai na yi aiki a Haɗejiya, na ga abin da tare ruwa a sama ya jawo a ƙasa. Ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru kowace damina ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Jama'are ne babban kogin da ya rage ba a ɗaure ba, shi ke kai ruwa Gashuwa, shi ya sa mutanen Yobe da Borno suka ƙi aikin. Na gaya wa Kawu ba na goyon bayan a ɗaure shi sai an zauna da su an yi rabo a rubuce. Bai yarda da ni ba. Ya ce mai ƙoshi ne yake tuna maƙwabci. Muka yi ta ja har aka kira magariba, muka yi salla a garin Tiga, muka kwana a Kura wajen dattijon nan mai inji.

Washegari Kawu ya biya kuɗin ƙaramin inji mai cire tsakuwa, ya kuma roƙi dattijon ya karɓi ƙaramin ɗansa ya koyi gyara na tsawon damina ɗaya. Injin yana aiki a Gwaram har yanzu, yaron ne yake kula da shi, mata daga ƙauyukan bakin kogi suna kawo turararriyar shinkafarsu ranar kasuwa.