Abin da babbar riga ta ɓoye mana

Yau labarin gidanmu ne.

Kawunmu maƙerin azurfa ne. Shekara biyu da suka wuce ya fara tsayawa a hanyar babban masallaci yana haki. Muka ce tsufa ne. Muka karɓe masa guduma, muka shimfiɗa masa tabarma, kowa ya shigo sai ya ce "Kawu, kwanta ka huta." Abinci ya koma kunu da shayi, don su kaɗai yake so.

Da ƙafafunsa suka kumbura muka kai shi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 900. Likitan zuciya ya duba shi da na'ura, ya ce ɗaya daga cikin ƙyaure huɗu na zuciya ya ƙanƙance, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Muka tambayi kuɗin aiki da ƙasar da za a je. Shi ko sai ya jawo kujera.

"Baba, rungume hannuwanka, ka tashi ka zauna sau biyar."

Wallahi ranmu ya ɓaci. Duk wannan tafiya don a sa dattijo tashi-zauna? Kawu ya yi uku, na huɗu ya kama teburi. Aka sa shi tafiyar mita 5 ana duba agogo. Sannan aka ce ya cire riga ya hau sikeli. Nan muka yi shiru. Rawani da babbar riga sun rufa masa asiri, mu kuma ba mu taɓa dubawa ba: damtsen da ya shekara arba'in yana dukan ƙarfe ya zama kamar na yaro. Sikelin ma bai faɗi gaskiya duka ba, don ruwan da ya taru a ƙafa yana ƙara nauyi.

Likitan ya yi mana bayani a hankali. Canja ƙyauren aiki ne na sa'o'i, amma jiki ne zai ɗauki wahalarsa makonni. Wanda ya wuce daƙiƙa 6 a mita 5, ko tashi biyar ta kai shi daƙiƙa 15, ko jininsa ya yi ƙasa, ya fi shiga haɗari bayan aiki. A 2017 wani likita a Kanada, Jonathan Afilalo, da abokan aikinsa sun bi tsofaffi 1,020 da aka canja wa ƙyauren. Tashi daga kujera, ƙarfin tunani da awon jini biyu sun nuna waɗanda suka fi mutuwa ko nakasa cikin shekara guda. Har da waɗanda ba a tsaga ƙirjinsu ba, aka bi ta jijiya da siririn bututu, dabarar da Alain Cribier ya fara a Faransa a 2002.

Wani ƙanenmu ya ce ai mu mutanen Ayar dama sirara ne. Likitan ya ce siranta daban, rama daban. Wanda ya tashi siriri yana bin raƙuma bai dame shi ba. Abin tsoro shi ne wanda ya zube cikin watanni. Matan gidanmu sun riga mu ganewa, su da suka saba da zaren nan mai ja da kore da ake auna damtsen yara da shi. Ba mu taɓa tunanin tsoho ma ana duba damtsensa ba.

Bai ce ba za a yi aikin ba. Ya ce ba yanzu ba, kuma bai ɓoye mana cewa jiran ma yana da nasa haɗari ba. Ya rubuta magani, ya ce nono, ƙwai, wake, nama, a rage gishiri, shayi kuma a raba shi da lokacin abinci don yana hana jiki shan sinadarin ƙarfe. Wannan ta shayi ita ce rigimar da ba mu gama ba har yau.

Mun auna mita 5 a tsakar gida, daga bakin zaure zuwa randa. Kullum bayan la'asar jikarsa na riƙe da waya tana ƙirga masa, in ya ji jiri ko ciwon ƙirji a tsaya. Ranar farko daƙiƙa 11 ya yi. Jiya 8. Wata mai zuwa za mu koma Yamai, ku sa mu a addu'a.