Mai Sauri Shi Ke Sassautawa

A shekarun 1990, masu shiga intanet da layin tarho suke amfani, ta wata 'yar na'ura da ake kira modem. Kafin ta haɗu sai ta yi tsuwa, sannan ta yi shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Wannan ƙarar gaisuwa ce: na'urori biyu ke tambayar juna irin gudun da kowacce ke iyawa. Tsohuwa mai 14.4k ta faɗi nata, sabuwa mai 56k ta faɗi nata. Idan layin ba shi da kyau, ko suka kasa daidaitawa, sai gaisuwar ta watse. Masu gyara sun san maganin: a umarci mai saurin ta sauko, ta yi tafiyar tsohuwar.

Mu mutanen Birnin Gwari ba mu ci zamanin modem sosai ba, amma ciwon mun san shi. Da zarar mun bar cikin gari mun nufi Kuyello ko Dogon Dawa, ko gefen dajin Kamuku, sai babbar wayarmu ta shiga laluben 4G. Ta yi zafi, caji ya zube, kira ya ƙi fita. Can kuwa wani dattijo na zaune a gindin bishiya da 'yar rakani-kashinsa, yana ciniki da dillali a Kaduna hankali kwance. Wayarsa 2G kawai ta sani, kuma murya ba ta buƙatar ƙarfin sabis kamar bidiyo.

Don haka muka koyi dabarar masu gyaran da. Mu shiga saitin waya, mu ɗaure ta a kan 2G, mu kashe data. Sau da yawa nan take kira ke shiga.

A nan kiran waya ba abin wasa ba ne. Da shi muke tambayar lafiyar hanyar Buruku kafin mota ta tashi, da shi muke sanin ko wanda ya tafi gona ya dawo. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, har zuwa ƙarshen Nuwamba. Mun ɗanɗana shirun nan, mun san nauyin "Salamu alaikum, kuna lafiya?"

Abin da ke damunmu yanzu shi ne mu da kanmu muna zama sabuwar modem. 'Ya'yanmu da ke Kaduna da Abuja na tura hoton jariri da bidiyon suna ta WhatsApp, suna ganin sun sada zumunci. Inna kuwa tana ƙauye da wayarta mai maɓalli, tana jiran ta yi ƙara. Ba za ta iya hawowa inda suke ba. Su ne ke iya saukowa.

In kana da tsohuwa a gida, ɗan'uwa, ajiye bidiyon nan tukuna. Danna lambarta, ka bari ta yi ta ƙara har Inna ta fito daga madafa.