Majigin kwalin takalmi

Saura kwana shida Ƙaramar Sallah ƙanwata ta faɗo daga kan katanga ta karye a ƙafa. Bayan an yi mata ɗori, abin da ya fi sa ta kuka shi ne jin Umma ta ce bana ba za ta je kallon Hawan Daushe ba. Ni kuma baki ya yi mini sauri, na ce, "Yi shiru, zan kawo miki dawakin har ɗaki."

Abin da na dogara da shi darasin haske ne da muka yi a ajin kimiyya. Na samo kwalin takalmi, na shafe cikinsa da baƙin fenti don kada haske ya watse. Na huda gabansa, na liƙa gilashin nan mai ƙara girman rubutu. Yayanmu ya je hawan ya ɗauko bidiyo, ya ara mini wayarsa bayan dogon gargaɗi.

Bayan isha'i na rataya farin zanin gado a bango, na zagaye shi da taurarin da na yanka da takarda, muka kashe fitila. Na sa wayar cikin kwalin, fuskarta na kallon gilashin. Sai ga dawaki a bango, ƙafafu sama, rawunan mahaya ƙasa! Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai za su zubo."

Kunya ta kama ni, domin Malam ya faɗa mana irin wannan gilashi yana kifa hoto, ni ne na manta. Na kulle juyawar allon wayar, na kifa ta, dawaki suka miƙe. Sannan na dinga matsar da ita gaba da baya a hankali har dishi-dishin ya ragu. Hasken dai bai taka kara ya karya ba, sai da muka toshe taga da bargo. "Barka da Sallah" da na rubuta kuwa a baibai ta fito, kamar a madubi, haka na bar ta.

Kaka ta leƙo ta ce wannan ai majigi ne, irin wanda mota ke kawowa filin gari suna yara. Ta nemi tabarma ta zauna. Sau huɗu ƙanwata ta sa na maimaita wurin da 'yan bindiga suka harba, har cajin wayar ya ƙare. Yayanmu bai ƙara ara mini ita ba.